Irin Dawar Inna a Siri Lanka

Kore na fara gani. Jirgi ya sauko daga cikin gajimare, na manna goshina da taga, sai ga teku ta ƙare kwatsam, bishiyoyin kwakwa sun fara, kai da kai, babu filin da za a shimfiɗa tabarma. Ni 'yar Jazira ce, a ƙasar Sudan. A wajenmu ƙasa a shimfiɗe take kamar faifai, kana tsaye bakin tur'a, wato magudanar ruwan gona, kana hango hasumiyar masallacin ƙauye na uku. Tun muna makaranta a Madani na san tsibirin da sunansa na da, Sarandib, sunan da nake ji a kunnena kamar ƙarar awarwaro. A taswira kuwa kamar mangwaro yake da ya faɗo daga reshen Indiya ya tsaya cikin ruwa.

Karatun shekara guda na zo yi kan ban-ruwa, a wata jami'a kusa da birnin Kandi. Malamina ne ya cika mini takardun kafin yaƙi ya watsa mu. Amsar ta same ni a Dindir, a gidan gwaggona, inda muka gudu muka bar ƙauyenmu da gonarmu.

A filin jirgi jakata ta shiga na'ura ta fito, aka ce a sake mayar da ita. Wata ma'aikaciya ta kira ni gefe. Ta fitar da tufafina ɗaya bayan ɗaya, ta shafa gindin jakar, yatsanta ya tsaya a kan ɗinkin Inna. Ta ɗauko almakashi.

Ƙunshi ne na farin ƙyalle, bai wuce cikin tafi biyu ba. Da ta kwance shi sai jajayen ƙwayoyi suka bayyana, furu-furu da toka.

"Mene ne wannan?" ta tambaye ni da Turanci.

"Dawa ce."

"Ta ci?"

Da na ce ta ci ce, wataƙila da maganar ta zo da sauƙi. Amma bakina bai iya ba. Na ce, "Ta shuka ce."

'Yar Hanya muke kiranta. Kakar Inna ce ta taso da ita daga ƙasar Sakkwato, da ƙafa, da niyyar Makka. Duk inda damina ta riske su sai su yada zango, su shuka, su girbe, su ci, su ware iri, su ƙara gaba. Shi ya sa take nuna da wuri, ba ta saba da jiran kowa ba. Da suka iso bakin Nilu suka zauna, ita ma ta zauna. Gonakin Jazira suna da nasu irin da hukuma take rabawa, amma kowace shekara Baba yakan bar wa 'Yar Hanya 'yan kunyoyi a gefen hawasharmu, gonar da aka yanka wa kakana. Kuma a gidanmu duk wanda zai yi doguwar tafiya, sai an ɗinke masa tafin iri a jaka. Ba a tambayarsa, ba ya tambaya.

A cikin jirgi an ba mu takarda, an tambaya ko muna ɗauke da tsiro ko iri. Na sa alamar a'a, kuma Allah ya sani ban yi nufin ƙarya ba. Ban taɓa lissafa 'Yar Hanya cikin kaya ba. A raina tana layi ɗaya da addu'ar da Inna ta tofa mini a ka.

Matar ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Nan tsibiri ne. Teku ce katangarmu. Cutar da ba ta iya iyo ba, cikin jakar mutane take shigowa." Ta zuba ƙunshin a leda, ta liƙe, ta rubuta lamba, ta ba ni wata takarda ruwan ɗorawa. Sati biyu gare ni, in kawo izinin shigo da iri daga hukumar noma. In ban kawo ba za a ƙona.

Na yi baƙin ciki, amma ban firgita ba. Kafin mu gudu Inna ta raba irin kashi uku. Kashi ɗaya ta bisne a tulu ƙarƙashin rumbu, ɗaya ta ɗaure a ƙugunta, ɗaya ta ba ni. Na ce a raina nawa ya tafi, saura biyu.

Jirgin ƙasan da ya kai ni Kandi hawa yake ta yi kamar mai neman sama. Gonakin shinkafa hawa-hawa kamar matakala, ruwa yana gangarowa daga wannan zuwa wancan ba wanda ya buɗe masa ƙofa. Ban taɓa shiga cikin dutse ba sai ranar. Duhu ya rufe mu, na riƙe kujera ina salati, yara 'yan makaranta suna ihu don jin daɗi. A kujerar da ke gabana na buɗe littafin da nake rubuta 'yan waƙoƙina, na ɗauko takardar nan ruwan ɗorawa. Harsuna uku ne a kanta, Sinhala da Tamil da Turanci. Baƙaƙen Sinhala suka ɗauke mini hankali, duk a lanƙwashe kamar yaɗon wake. Don in rage damuwa sai na zauna na kwafe takardar kaf, layi bayan layi, ban san me nake zanawa ba.

An sama mini ɗaki a gidan wata bazawara Musulma, kowa Anti Siti yake ce mata. Gajera ce mai saurin magana, Tamil take yi da 'ya'yanta, Sinhala da maƙwabta, Turanci da ni. Ranar farko ta zuba mini shinkafa da miya kala biyar, na kai loma ɗaya hawaye ya zubo.

"Kewar gida ce ko barkono?"

"Barkono, Anti."

"To alhamdu lillahi. Barkono ina da maganinsa." Ta turo mini kwanon kindirmo.

Kwana uku ina neman Inna a waya ba ta shiga. Ranar Litinin da hantsi ta kira ni da lambar da ban sani ba. Muryarta ta dushe.

"Safiya, muna Gadarif. Mun bar Dindir."

"Inna lillahi! Kowa lafiya? Baba?"

"Kowa da ransa. Kwana huɗu muna tafiya. Ke fa, ɗiyata, ya garin ruwan? An ce ko'ina teku. To in ruwa ya ƙaru ina kuke gudu?"

Na yi dariya, ita ma ta yi.

"Abin nan da na ɗinke miki yana nan?"

Na kalli bangon ɗakin. "Me ya faru, Inna?"

"Nawa na dafa shi. A hanya, ɗiyan gwaggonki suna kuka, ba abin da za a sa musu a baki. Na yi musu balila da shi, tafasasshiyar tsaba kawai. Ban yi nadama ba, wallahi ban yi ba. Na gida kuwa, wanda ya zo daga can ya ce an ƙone rumbunan unguwarmu, an tone ƙasa ana neman zinariya. Saura naki. Ki sa shi inda ba laima, kin ji? An ce garinku laima gare shi."

"Yana inda ba laima," na ce. Wannan kaɗai na iya faɗi wanda ba ƙarya ba.

Da ta kashe wayar na ƙirga da yatsu. Saura kwana goma sha ɗaya.

A Sudan duk takardar da ta fi ƙarfin ƙauye Madani ake kai ta, wadda ta fi ƙarfin Madani sai Hartum. Ban tambayi kowa ba, don kunya nake ji a ce ɗalibar noma ta shigo da iri a ɓoye. Da asubar Talata na hau jirgin ƙasa na gangara Kolombo, babban birni.

Zafin Kolombo jiƙaƙƙe ne, ba irin namu ba, yana manne wa mutum kamar rigar da ba ta bushe ba. Na shiga gini uku. A na farko aka ce ba nan ba, a na biyu aka ba ni lamba na zauna har azahar, sannan aka ce wannan na masu fitar da shayi ne. Kowa yana da ladabi, kowa yana murmushi, ba wanda ya san inda za ni. Ina tsaye a ƙofar na uku, takardar a hannuna, sai na ji an ce da Larabci, "Basudaniya? Ya salam!"

Wani mutum ne mai farar riga a goge, da biro biyu a aljihu. Kwana biyar ban ji Larabci ba. Na ji kamar an yayyafa mini ruwan Nilu.

"Shekara tara na yi a Jidda," ya ce. "Abokaina duk mutanenku ne. Kisra, mulah, jabana, duk cimarku na sani! Me ya sami 'yar'uwata?"

Na gaya masa komai, har da balilar Inna. Ya dafe ƙirji, ya girgiza kai.

"Wannan ai ƙaramin abu ne. Ɗan ƙanwata yana hawa na huɗu. Amma ke baƙuwa ce, in kika shiga sati za ki yi. Kawo takardar. Akwai ɗan abin da ake biya na hatimi."

Na ba shi takardar, na ba shi abin da ya nema. Ya zaunar da ni a wani shagon shayi da ke kallon ƙofar ginin, har ya ce wa mai shagon ya kula da ni. Na ga shigarsa da idona.

Shayi ya huce. Aka yi ruwa aka ɗauke. La'asar ta yi, ma'aikata suka fara fitowa, mata da lema, maza da jakunkuna. Aka ja ƙofar ƙarfe. Mai shayin ya zo yana goge teburin da ya riga ya goge, bai kalle ni ba ya ce, "Ginin nan ƙofa biyu gare shi."

Na koma Laraba, na koma Alhamis, ina tsayawa a wuri guda kamar wadda aka dasa. Ban sake ganinsa ba. Kuɗin bai dame ni ba kamar takardar. Ba ita, ba lamba. Ba lamba, wace leda zan ce tawa ce cikin ledojin filin jirgin ƙasa guda?

Daga nan na daina cin abinci. Ina zuwa aji, ana maganar tafkunan da sarakunan tsibirin na da suka haƙa a arewa, inda ruwan sama yake ƙaranci, yadda tafki yake zuba wa tafki har ƙauye na ƙarshe ya sha. Abin da na ƙetare teku don in ji ke nan, amma kunnena ba ya riƙewa. In na rufe ido wuta nake gani, da farin ƙyalle mai ɗinkin Inna.

Ranar Lahadi Anti Siti ta shigo ɗakina ba sallama, ta zauna a bakin gado.

"Barkono ba ya sa mutum ya rame haka. Faɗa mini."

Na faɗa mata. Da na zo kan mai farar riga ta buga cinya.

"Da ya ce miki ya san kisra sai kika ba shi takarda? Ni ma na san kisra yanzu, kawo 'yan kunnenki!" Ta ga idona ya ciko, sai ta sassauta. "To, ya wuce. Ba ki ɗauki hotonta ba?"

"A'a." Sai na tuna. Na jawo littafina na buɗe mata shafin.

Ta sa tabarau, ta fara karanta zanena da ƙarfi, tana tuntuɓe tana dariya. "Wannan harafin kin juya masa baya. Wannan kin ba shi wutsiya." Yatsanta ya sauka ƙasa ya tsaya. "Ga lambarki nan, sarauniyar shirme. Gobe ki kai wa malamarki."

Malamata, Dakta Malini, doguwa ce mai furfura, ba ta son dogon bayani. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Kolombo kika je? Don me?"

"Can ne gwamnati take."

"Shugaban ƙasa yana can. Majalisa tana gefensa, a tsakiyar wani tafki. Amma masu ba da izinin iri suna nan, bayan jami'a, tafiyar minti goma a raksha, keken nan mai ƙafa uku. Gwamnatinmu ba a tukunya ɗaya take ba." Ta cire tabarau. "Kin san me ya sa suke tsanantawa? Duwatsun nan da kike gani da shayi, da can gahawa ce a kansu. Cutar ganye ɗaya ta cinye ta ƙurmus. Ba mugunta suka yi miki ba."

"Na sani, Dakta. Amma ita kaɗai ta rage."

Sai ta ɗauki jakarta. "Tashi."

A ofishin wani dattijo mai sanƙo ya buga waya filin jirgi, ya karanta lambar daga littafin waƙoƙina. Ledar tana nan. Amma yana ta saurare, fuskarsa tana canzawa. Ya ajiye wayar.

"An rubuta iri haɗe da turɓaya. Iri ana iya duba shi. Turɓayar wata ƙasa kuwa ba mai ba ta izini, ko ni, ko wanda ya fi ni."

"Ba turɓaya ba ce! Toka ce!"

"Abin da aka rubuta nake gaya miki."

Dakta Malini ta yi masa magana da Sinhala, doguwa, a hankali. A ƙarshe ya yarda zai rubuta wasiƙa zuwa ɗakin gwajin da ke kusa da filin jirgi, a sake dubawa. In sun canza rahoton, to. Amma sai shugabansa ya sa hannu, shi kuwa yana rangadi, sai Alhamis da safe zai dawo.

Wa'adina Jumma'a ne. Na tsara abina: in karɓi wasiƙa Alhamis, in kama hanya da asubar Jumma'a.

Ranar Laraba bayan magariba ina kwashe shanya a bayan gida, sai ga wata ya leƙo ta kan dutse, ya kusa cika. Ya tuna mini da gida, da yadda Habboba, kakata, take ƙirga kwanakinsa da ƙwayar dabino. Na ce, "Anti, zo ki ga wata. Jibi zai cika."

Ta fito tana goge hannu, ta ɗaga kai. "I, jibi Poya." Sai ta juyo da sauri. "Yaushe kika ce za ki filin jirgi?"

"Jibi."

"Jibi ba ofishin da zai buɗe a ƙasar nan! Duk ranar da wata ya cika hutu ne, mabiya Buddha suna zuwa ibada. Banki, makaranta, kotu, duka a rufe. Ba wanda ya gaya miki?"

Ba wanda ya gaya mini, don ba wanda ya zaci akwai mai rai da bai sani ba. Mu jinjirin wata muke dako, shi yake kawo azumi da salla. Ban taɓa jin inda cikarsa take rufe gwamnati ba.

Da safe Dakta Malini ta buga wa ɗakin gwajin waya. Abin da wa'adinsa ya faɗa ranar hutu, ranar aiki ta ƙarshe ake ƙona shi. Yau ke nan, ƙarfe huɗu.

Shugaban bai iso ba sai sha ɗaya saura. Na tsaya a baranda ina kallon agogon bango har ya sa hannu. Jirgin ƙasan safe ya riga ya tafi, sai bas. Anti Siti ta cusa ni ciki, ta cusa mini ƙunshin abinci, ta yi wa kwandasta magana tana nuna ni da yatsa kamar mai ba da ajiyar akuya.

Hanyar tana gangarowa daga duwatsu tana murɗewa. Ruwa ya tsuge. Motoci cike da mutane cikin fararen kaya, da furanni a cinya, suna tafiya garuruwansu don ibadar gobe. A wata kwana ƙasa ta zabtaro ta rufe rabin titi, ana wucewa ɗaya bayan ɗaya. Muka tsaya. Ƙarfe ɗaya. Ɗaya da rabi. Na sa wasiƙar cikin rigata don kada laima ta taɓa ta. Ina karanta duk addu'ar da na sani, ina kallon ruwa yana gudu a gefen titi, ja wur kamar Nilu a farkon kaka, shi yana tafiya mu muna tsaye. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ɗora hannunta a kan nawa har muka wuce wurin.

Huɗu saura kwata raksha ta sauke ni a ƙofar ɗakin gwajin. Na shiga a guje, mayafina yana ɗiga. A kan wani amalanken ƙarfe an jera ledoji: 'ya'yan itatuwa da suka fara ruɓa, saiwoyi, furanni. Na hango farin ƙyallen a can ƙasa.

Jami'in matashi ne, mai tsabta, da alama yana son ya gama ya tafi gida. Ya karanta wasiƙar sau biyu. Ya ɗago ledar ya kalle ta a fitila.

"Ga ta nan kina gani. Turɓaya."

"Toka ce, ranka ya daɗe. Mahaifiyata take cuɗa iri da ita don kada ƙwari su ci. A kawo ruwa da takardar gwaji, minti biyu ne."

"An liƙe, an sa a jerin yau. In na buɗe duk ledar da mai ita ya yi kuka, ba zan tashi daga nan ba." Ba da tsawa ya faɗa ba. Ya kalli agogo.

A can ƙarshen ɗakin wata dattijuwa tana wanke kwalaben gwaji. Tun shigowata take satar kallona. Ta share hannu, ta matso, ta tambaye shi wani abu da Sinhala. Ya amsa a gajarce. Ta karɓi ledar daga hannunsa kamar mai karɓar jariri, ta juya ta, ta kai ta kusa da ido. Sai ta nuna wani ɗan ɓarɓashi kore a cikin tokar, ta kalle ni.

"Kohomba?"

Ban san kalmar ba. Ta ja ni zuwa taga, ta nuna wata bishiya a tsakar gidan. Darbejiya ce, irin wadda take ƙofar gidanmu, wadda mu a can muke ce wa nim.

"Ita ce!" na ce. "Da ganyenta, busasshe!"

Ta juya kan jami'in ta fara magana. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ga hannuwanta: ta zana tulu a iska, ta zuba, ta barbaɗa, ta cuɗa, ta liƙe bakin da laka. Hannuwan Inna ne sak. Jami'in ya buɗe baki, ta ɗaga masa yatsa, ya rufe. Da ta gama ya sosa ƙeya, ya ce mini da Turanci, "Madam Soma ta ce uwarta haka take adana irin tamba a ƙauyensu. Ta ce kakata ma haka take yi, wai in je in tambaye ta gobe tunda hutu ne." Ya ja numfashi. "Minti biyu kika ce."

Ya sa safar hannu, ya yanka ledar. Na ɗebi ɗan garin a cokali na zuba a kofin gilashi, na kaɗa. Bai kwanta ya zama laka ba. Ruwan ya yi santsi tsakanin yatsuna, irin ruwan tokar da Inna take tacewa in za ta yi miyar kuɓewa. Ya tsoma takardar gwaji, ta rikiɗe shuɗi mai duhu nan take. Ya shafa kaɗan a gilashi ya duba a madubin ƙara girma, ya daɗe, ya ɗago. Ya jawo rahoton ya ja layi a kan kalma ɗaya, ya rubuta wata, ya sa hannu. Wani ma'aikaci ya shigo ya tura amalanken waje. Ledata tana kan tebur.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Madam Soma ta kawo mini ruwa.

"Ba a gama ba," in ji jami'in. "Za mu ɗauki ƙwaya ashirin mu sa a jiƙaƙƙiyar takarda kwana bakwai. In cuta ta fito, duka za a ƙona. In ba ta fito ba, za mu liƙe sauran mu ajiye a ɗakin sanyi har ranar da za ki bar ƙasar. Ba za a shuka ko ɗaya a tsibirin nan ba. Kin yarda?"

Na yarda. Madam Soma ce ta ƙirga ashirin ɗin, ta jera su layi huɗu.

Kwana bakwai ɗin nan ban san yadda na yi su ba. Ranar Poya na zauna a bakin tafkin Kandi ina kallon mutane cikin fari suna wucewa da furanni, shiru, ba mai ture wani. Sau biyu Inna ta kira, sau biyu na ce mata komai lafiya. A karo na uku na gaya mata gaskiya, tun daga almakashi har mai farar riga.

"Sun ba ta ruwa?" ta ce.

"Sun ba ta."

"To ki bar ta da su. Ta san aikinta."

Ranar Alhamis na sake gangarawa. Madam Soma ta tare ni a ƙofa, fuskarta ba ta nuna komai ba. Ta kai ni wani ɗaki mai haske, ta ɗaga murfin faranti. Goma sha takwas sun tsaga. Fararen saiwoyi sun kama takardar, kowace ta tura ɗan kore sama, siriri kamar allura. Babu fumfuna, babu tabo. Biyu sun ƙi, suna kwance abinsu.

An bar ni na ɗauki hoto. Tsiron kuwa doka ta ce a ƙona, aka ƙona. Na tsaya na gani, ban yi kuka ba. Sauran aka zuba a sabuwar leda tare da tokarsu da ƙyallen Inna, aka rubuta sunana da na Baba da na kakana.

Na tura hoton lambar maƙwabciyar su Inna a Gadarif. Ina cikin bas amsar ta zo, saƙon murya. Hayaniyar mata ce da farko, ana "mu gani, mu gani", wata tana guɗa. Sannan Inna, kusa da wayar:

"Na ƙirga, sha takwas. Biyun nan malalata ne, kowane gida akwai su. Safiya, wannan dawa ta tsira a Barno, ta tsira a Wadai, ta tsira a Kurdufan. Yau ga ta bisa takarda a tsakiyar teku. Ki gaida matar nan mai toka, ki ce uwarki ta gode. Halas, ki ci abinci, ki yi karatunki."

Wata takwas ke nan. Na je arewa na ga tafkunan da idona, na iya cin miyar Anti Siti ba kindirmo, na san ranar Poya tun kafin a gaya mini. Tikitina yana cikin littafin waƙoƙi, tare da sabuwar takarda ruwan ɗorawa wadda ba na ba kowa ko da ya san sunan kakata.

Shekaranjiya Baba ya kira. Ya koma ƙauye shi da maza kaɗan. Gidan ba rufi, amma sun yashe tur'a, ruwa ya fara zuwa daga madatsar Makwar. Ya ce an ba su iri, ya shuka hawasha duka.

"Duka, Baba?"

"Ban da kunya uku ta gefen gabas," ya ce. "Na yi musu huɗa na bar su. Yaushe jirginki?"